Abin da lakar gindin tafki ta sani game da daminar kakanninmu

Hazon da ke sauko wa Sakkwato daga Disamba zuwa Fabrairu, wanda ke tsattsaga leɓe, ya tsananta kaushi, ya sa direbobi kunna fitila da hantsi, kaso mai yawa daga cikinsa lakar tafki ce. A arewacin ƙasar Cadi akwai wani makeken kwari da ake kira Bodele, wanda masana ke cewa babu inda ya kai shi tayar da ƙura a duk duniya. Farar ƙasar da ke shimfiɗe a can ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka taru a gindin tafkin da ya ƙafe. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, faɗin Tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 350,000, wato ya haura kashi ɗaya bisa uku na Najeriyar yau, kuma dogon tudun yashin nan da ya ratsa Bama da Maiduguri tsohuwar gaɓarsa ce. Gindin wannan tafki iskar hunturu ke kankarewa tana kawo mana har cikin ɗaki.

Duk mai hankali zai tambaya: to wa ya gani? Wa ya tsaya ya auna ruwan saman shekara 7,000 baya? Tambaya ce da ta cancanci amsa, domin awon ruwan sama da gwangwanin ma'auni bai zo ƙasar nan ba sai bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Abin da ke rubuce ke nan bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba. Bayan shi sai abin da dattawa suka riƙe: yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da 'Yar Gusau ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, da farin 1973 da ya ƙarar da shanu, da na 1984. In ka matsa baya da haka sai labari ya fara sirancewa, a ce maka "zamanin wani sarki an yi wata yunwa", ba shekara, ba awo. Ga mutanen da abincinsu gaba ɗaya ya rataya a kan wata huɗu na damina, wannan sani ya yi kaɗan ƙwarai. Shi ya sa nake ganin aikin masu karanta laka ya shafe mu fiye da yadda ya shafi mutanen ƙasashen da aka ƙirƙiro shi.

Asalin abin mai sauƙi ne. Duk wadda ta taɓa zuba ruwan gulbi a randa ta san cewa kafin gari ya waye tsakuwa da yashi sun riga sun sauka, laka mai laushi ta biyo baya ta hau kansu, ruwa ya washe. Tafki ma haka yake yi, sai dai shi ba a wanke shi. Kowace damina kwararo na kawo masa ƙasar gonaki da ganye da kashin dabbobi. Kowane hunturu iska na zuba masa ƙura. Halittun da ke cikinsa suna mutuwa su nitse. Na bana ya hau kan na bara, na bara yana kan na bara waccan, har shekaru dubbai, muddin babu abin da ya dama shi. Masu haƙar rijiya a fadama sun daɗe da sanin wani abu daga wannan: sukan ratsa baƙar laka, su faɗa farin rairayi, su sake tarar da yumɓu mai katantanwa a cikinsa, kuma sun san cewa inda aka ga katantanwa ruwa ya taɓa kwanciya.

Yadda ake ɗauko lakar shi ne a haɗa jiragen ruwa biyu a ɗaura katako a kansu, a kafa su da igiyoyi a daidai inda tafkin ya fi zurfi, don can ne igiyar ruwa da kofaton shanu ba su kai. Sai a zura bututun ƙarfe ko na roba, kaurinsa bai fi damtse ba, a danna shi cikin laka a tsaye. A cikin bututun akwai wata toshiya da ke hana lakar matsewa ko zubewa yayin jawowa. Wani masani Daniel Livingstone ne ya fito da samfurin da aka fi amfani da shi tun 1955. Akan ciro kamar mita ɗaya a kowane zuwa, a mayar da bututu cikin ramin nan a ci gaba daga inda aka tsaya. Kowane yanki sai an toshe bakinsa biyu, an rubuta zurfinsa, an zana kibiya mai nuna sama, domin in aka juya shi an juya tarihi ke nan. A ɗakin bincike ana ajiye shi cikin sanyi na kusan digiri 4, sannan a tsaga shi gida biyu ta tsawonsa. Rabi na aiki, rabi na ajiya saboda masu zuwa nan gaba da na'urorin da ba a ƙera ba tukuna.

Lokacin da aka buɗe irin wannan sandar laka, abin da ido ke fara gani launi ne. Ga wani sashe baƙi wuluk, mai santsi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, alamar ruwa mai zurfi da tsiro mai yawa. Sama da shi kaɗan sai launi ya koma toka-toka, da fararen zare-zare na gishiri ko kanwa, alamar rana ta fi ƙarfin ruwan. Wani wuri sai ka ga jan yashi mai kaurin yatsa ya ratsa tsakiya, wanda ko dai ambaliya ce ta kwaso shi a kwana ɗaya, ko iska ce ta yi shekaru tana zubawa. Wani wurin kuma lakar ta tsattsage, jijiyoyin ciyawa sun shiga cikinta, wato tafkin ya taɓa ƙafewa ƙaf har ciyawa ta tsiro a gindinsa kafin ruwa ya dawo.

Amma launi ba ya faɗin shekara, kuma a nan ne wahalar aikin take. A wasu tafkuna ƙalilan, masu zurfi, waɗanda babu iskar shaƙa a gindinsu balle tsutsa ta rayu ta dama lakar, kowace shekara tana barin zare biyu, fari da baƙi, ɗaya na wani yanayi ɗaya na wani. Waɗannan ƙirga su ake yi ɗaya bayan ɗaya. Tafkin Suigetsu na Japan yana da irin wannan zare na kusan shekara 70,000 a cikin laka mai zurfin mita 45. Yawancin tafkuna ba su da wannan baiwar, sai a koma ga kabon-14. Duk tsiron da ke raye yana shaƙar wani ɗan nau'in kabon daga iska wanda ke lalacewa a hankali. Da zarar ya mutu shaƙa ta tsaya, abin da ke jikinsa kuma rabinsa na ɓacewa duk shekara 5,730. In aka tsinci ƙwayar iri ko guntun gawayi a zurfin mita 3, aka auna abin da ya rage, sai a san yaushe ya mutu. Willard Libby na Amurka ne ya gano dabarar a ƙarshen shekarun 1940, ta kuma jawo masa kyautar Nobel a 1960. Tana aiki har kusan shekara 50,000 baya.

Ga lakar kwanan nan akwai wasu ma'aunai. Dalma-210, wadda rabinta ke ɓacewa cikin shekara 22 da 'yan watanni, tana ba da lissafin shekara ɗari zuwa ɗari da hamsin. Sai siziyom-137, wanda babu shi a duniya kafin a fara fasa bama-baman nukiliya. Gwaje-gwajen manyan ƙasashe sun watsa shi sararin sama, ya fi sauka a 1963, shekarar da aka sa hannu a yarjejeniyar hana gwaji a fili. Don haka duk inda aka tarar ya yi tsiri a cikin laka, an san an iso 1963. Mu ma abin ya taɓa mu ta kusa: Faransa ta fasa bam ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya a watan Fabrairun 1960, kuma a farkon 1961 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa saboda ci gaba da gwajin.

Akwai wani tarko a kabon-14 da ya shafi ƙasar Sakkwato kai tsaye. Dutsen farar ƙasa irin wanda ake fasawa a Kalambaina don siminti tsohon gindin teku ne mai shekara miliyan hamsin da wani abu, kuma kabon ɗin da ke cikinsa ya daɗe da rasa nau'in nan na 14. Ruwan da ya ratso irin wannan dutse yana narkar da shi. Dodon koɗin da ya gina ɓawonsa da wannan ruwa, ko da jiya ya mutu, na'ura za ta iya ba shi ɗaruruwan shekaru. Mai binciken da ya san aikinsa ba ya auna katantanwa ko ciyawar cikin ruwa a irin wannan wuri. Yana tsintar abin da ya faɗo daga tudu, ganye ko iri ko gawayi, wanda ya sha iskar sama.

In an daidaita shekaru, sai a koma tambayar lakar me ta gani. Shaida mafi daɗewa a wannan fage shi ne bununi. Manomi ya san garin nan rawaya da ke kakkaɓowa daga kan gero da masara yana manne wa riga. Kowane tsiro mai fure yana da nasa, kuma a ƙarƙashin madubin ƙara girma kamanninsu sun bambanta: wani mulmulalle mai huda ɗaya, wani mai ƙayoyi, wani mai tsaga uku. Ɓawonsa yana da taurin da zai yi dubban shekaru a laka bai ruɓe ba. Wani ɗan Suwidin, Lennart von Post, shi ya nuna a 1916 cewa ana iya karanta tarihin daji da shi. Akan yanki laka kamar girman ƙwayar gyaɗa, a narkar da yashi da sauran tarkace da ruwan asid, a ɗiga ragowar a kan gilashi, mutum ya zauna ya ƙirga ƙwaya ɗari uku ko fiye, yana rubuta ta wane tsiro ce. Sai ya matsa santimita kaɗan ya sake. Aikin watanni ne, mai cin ido. Amma sakamakonsa a fili yake: inda bununin itatuwan kurmi ya yi yawa an san an sha ruwa, inda ya koma na aduwa da ƙayoyi da ciyawar hamada an san ƙasa ta bushe. Rauninsa shi ne ciyayi dangin gero da dawa da gamba bununinsu kusan iri ɗaya ne, da wuya a raba na gona da na daji, kuma wasu itatuwan da ƙudan zuma ke yi wa barbara ba su zubar da shi da yawa, sai su ɓace a lissafi alhali suna nan.

Shaida na biyu su ne halittun nan da suka zama hazonmu, diyatom, dangin gansakuka masu ɓawon gilashi. Wasu sai a ruwan daɗi suke rayuwa, wasu a ruwan zartsi, wasu suna shawagi a tsakiyar ruwa mai zurfi, wasu suna manne da ciyawar gaɓa. Sauyawarsu daga ƙasa zuwa sama tana nuna cikar tafki da janyewarsa. Na uku ya fi su dabara. Ruwa yana ɗauke da oksijin iri biyu, mara nauyi mai lamba 16 da mai nauyi mai lamba 18. Idan rana ta bugi tafki, mara nauyin ne ke saurin tashi, mai nauyin ya taru a abin da ya rage. Wasu ƙananan halittu masu ɓawo biyu, da ba su wuce ƙwayar riɗi ba, suna gina ɓawonsu da ruwan da suke ciki, don haka ɓawon da aka gina a shekarun fari ya fi ɗaukar mai nauyin. Ban da waɗannan akwai gawayi mai nuna gobarar daji, da ƙwayoyin wata funfuna da ke tsirowa a kan kashin dabbobi kaɗai, wadda yawaitarta ke nuna zuwan garken shanu ko namun daji.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake yarda da shi shi kaɗai, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe wannan. Yashi na iya ƙaruwa don ruwa ya yi yawa, yana iya ƙaruwa don an sare daji an bar ƙasa tsirara. Gawayi na iya zama na tsawa, yana iya zama na mafarauta. Sai bununi da diyatom da oksijin sun haɗu a kan magana ɗaya, kuma wani tafkin da ke nesa ya gaskata su, sannan ake sakin jiki. Haka kuma laka ba ta cewa ranar kaza an yi ruwa. Santimita ɗaya na iya ƙunsar shekara goma ko hamsin, kuma shekarar da kabon ya bayar tana da kuskuren gomman shekaru gaba ko baya. Abin da take bayarwa shi ne halin zamani: wannan ƙarni ya fi wancan ruwa, wannan fari ya yi tsawon rayuwar mutum uku.

To me aka samu? Tafkuna da dama da lakar gindin teku sun haɗu a kan cewa daga kimanin shekara 14,800 zuwa 5,500 da suka wuce, in ban da wani tsaiko a tsakani, Sahara ƙasar ciyawa da tafkuna ce. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, inda yau ko tsuntsu ba ya son ratsawa, an tono kaburbura kusan 200 a bakin tsohon tafki, tare da ƙashin dorina da kada da giwan ruwa da ƙugiyoyin kamun kifi na ƙashi. A Dufuna ta jihar Yobe, a 1987, wani Bafulatani yana haƙar rijiya ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000. A Tafkin Tila da ke tudun Biyu, wanda ramin tsohon dutse mai aman wuta ne, bununi ya nuna itatuwan da yau sai an gangara kudu sosai ake ganinsu. Dalilin wannan ni'ima an fahimce shi. Duniya tana da wani lilo a juyawarta da ke zagayowa duk kimanin shekara 21,000. A yau a farkon Janairu take fi kusantar rana. Shekara 11,000 baya a tsakiyar daminarmu take kusantarta. Ƙasar Sahara takan yi zafi fiye da na yanzu a wannan lokaci, ta jawo iskar teku mai laima can ciki arewa. Ciyawar da ta tsiro da tafkunan da suka cika suka ƙara riƙe laimar.

Yadda ni'imar ta ƙare ne masana suka yi ja-in-ja a kai, kuma ja-in-jar tana da amfani a gare mu. A shekarar 2000, Peter deMenocal da abokan aikinsa sun duba lakar gindin teku daura da Muritaniya, suka ga ƙurar Sahara ta yi tsalle farat ɗaya wajen shekara 5,500 baya, cikin 'yan ɗaruruwan shekaru. A 2008 kuma Stefan Kröpelin na Jamus ya fito da sakamakon Tafkin Yowa da ke Uniyanga a arewacin Cadi, tafkin da ruwan ƙarƙashin ƙasa ke raya shi a tsakiyar hamada, mai zare-zaren shekara 6,000 ba yankewa. Shi ya nuna bushewar a hankali ta zo: itatuwa suka fara ja baya, ruwan ya koma na gishiri tsakanin shekara 4,200 da 3,900 baya, hamada irin ta yau ba ta kafu ba sai wajen shekara 2,700 baya. Abin da akasari aka karkata gare shi yanzu shi ne damina ta janye daga arewa zuwa kudu mataki-mataki, wani wuri da sauri, wani wuri da jan ƙafa. Ma'anar wannan ita ce ba a aron tarihin wani yanki a yafa wa wani. Abin da ya faru a Borno ba dole ne ya zama shi ya faru a Gobir ko Kabi a daidai wannan lokaci ba.

Sakamakon da ya fi tsaya mini a rai na kusa-kusa ne. Tafkin Bosumtwi da ke kusa da Kumasi a Gana rami ne da dutse daga sama ya faɗo ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da suka wuce. Ba shi da mafita, don haka hawansa da saukarsa ruwan sama ne kawai da rana. A 2009 Timothy Shanahan da abokansa sun karanta shekara 3,000 daga lakarsa. Sun tarar cewa fari mai shekara 30 zuwa 40, irin wanda ya fara mana a ƙarshen shekarun 1960, abu ne da ke dawowa a kai a kai, yana tafiya da ɗumi da sanyin Tekun Atilantika. Sun kuma tarar da wanda ya fi shi: fari na ɗaruruwan shekaru, na baya-bayan nan daga wajen 1400 zuwa 1750. Tafkin ya ja baya har itatuwa suka tsiro suka girma a inda yau ruwa ya shanye, kututturansu na nan a nitse. A gida Najeriya, lakar dausayin Kajemarum a yankin Manga na Yobe, mai shekara 5,500, ta faɗi irin wannan magana, cewa farin bayan 1968 ba shi ne na farko ba kuma ba shi ne mafi muni ba. Littattafan tarihin Timbuktu ma sun ambaci yunwa mai tsanani a ƙarni na 17 da na 18.

Wannan ya kamata ya sauya yadda muke lissafi. Shekarun 1950 zuwa farkon 1960 sun kasance masu yawan ruwa fiye da ƙima a duk yankin Sahel. A 1963 Tafkin Cadi yana da faɗin murabba'in kilomita 25,000, kafin ya rasa kusan kashi 90 cikin ɗari a shekarun fari. Waɗanda suka yi ƙuruciya a wancan lokaci, da waɗanda suka tsara manyan ayyukan ruwa da alƙaluman wancan lokaci, sun ɗauki shekarun ni'ima a matsayin yadda duniya take. Madatsar Bakolori da aka gama a 1978 da ta Goronyo da aka gama a 1984 suna riƙe da noman rani da ruwan shan dubban ɗaruruwan mutane. Tambayar da laka ke tilasta mana ita ce, in damina ta yi gardama shekara arba'in a jere, ko ɗari, wane tanadi muke da shi? Annabi Yusuf, alaihis salam, tanadin shekara bakwai ya yi wa Masar saboda an sanar da shi tsawon farin da ke tafe. Mu ba a sanar da mu ba, amma an bar mana shaidar abin da ƙasar nan ta taɓa yi. Kuma wannan ba duba ba ne, ba shiga gaibu ba ne. Abin da ya riga ya faru ake aunawa, kamar yadda mai bin sawu ke cewa raƙumi ya wuce nan.

Akwai kuma wani zalunci da wannan ilimi ya taimaka wajen ragewa. A shekarun 1970 ra'ayin da ya yi tashe shi ne manoma da makiyayan Sahel su suka jawo wa kansu fari da yawan kiwo da saran itace. Binciken da ya biyo baya, musamman na Alessandra Giannini da abokanta a 2003, ya nuna cewa sauyin zafin tekuna shi ne babban direban abin, kuma laka ta nuna an yi fari mafi tsanani tun ba a kai rabin rabin yawanmu na yau ba. Ba ina wanke masu sare gawo da ƙirya su yi gawayi ba ne. Saran daji yana kashe ƙasa, yana kawo zaizaya, yana cike tafkuna da yashi, kowa na gani. Amma ɗora wa Bafulatani da talakan ƙauye laifin gajimaren da bai taso daga teku ba, rashin adalci ne.

Wani zai ce, tunda yanayi ya saba juyawa da kansa, ashe maganar ɗumamar duniya ta yau hayaniya ce kawai. Lakar ba ta goyi bayan wannan ba. Juyin da ya busar da Sahara yana da sanannen dalili, kuma dubban shekaru ya ɗauka. Na yanzu dalilinsa daban: iskar kabon a sararin sama ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420, cikin abin da bai kai shekara ɗari uku ba. Abin da tarihin laka ya koyar shi ne daminar Afirka ta Yamma ba ta da wuyar turewa. Ɗan canji a hasken rana ko zafin teku ya isa ya matsar da ita ɗaruruwan kilomita. Alamun sabon halinta sun fara bayyana: wani bincike na 2017 da ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna manyan guguwowin ruwa a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Mutanen Sakkwato ba su manta Satumbar 2010 ba, lokacin da Rima ya yi toroƙo ya share garuruwa da gonaki, ya yanke hanyar jami'a. Ruwa na zuwa da yawa a dare ɗaya, sannan ya ɗauke mako uku shuka na ƙonewa.

In ka duba wuraren binciken da na ambata a Najeriya, duk gabas suke, Yobe da Borno. Sanannun sandunan lakar da ake kafa hujja da su kan tarihin daminar arewa daga can suka fito, nisan ɗaruruwan kilomita daga kwarin Rima. Alhali ƙasar nan tana da abin karantawa. Tudun yashin da ake noma gero a kansu wajen Illela da Gada da Tangaza tsofaffin jigayin hamada ne da suka tsaya, shaidar cewa Sahara ta taɓa saukowa nan ta koma. Akwai Tafkin Kware, wanda idanun ruwa ke ciyarwa. Akwai Kalmalo, wanda dattawan Illela za su nuna maka inda suke jefa taru a da, yau ana shuka a wurin. Akwai Tafkin Kwatto, da muka sani saboda yaƙin 1804, ba mu tambayi abin da gindinsa ya adana ba. Akwai tsofaffin hannuwan gulbi da Rima ya yasar a fadama, waɗanda laka ta cike a hankali.

Ba zan ɓoye cewa tafkunanmu masu wuyar sha'ani ba ne. Ba su da zurfi, shanu na tattake su, masunta na dama su, kuma duk shekarar da suka ƙafe iska na kwashe saman lakar, ta tafi da daidai shekarun farin da ake nema. Masu yin bulo da masu noman rani suna haƙe sauran. Amma Kajemarum ma ba wani zurfi gare shi ba, kanwa ake haƙa a yankin, kuma an samu shekara 5,500 a cikinsa. Wurin da ya fi sauƙin farawa, a ganina, gindin madatsar Goronyo ne. An san shekarar da ta fara tara ruwa, an san shekarun ambaliya, akwai awon ruwan sama na wannan tsakani. Sandar laka daga can za ta nuna yadda ambaliya da fari ke barin sawu a irin ƙasarmu, ta kuma faɗi yawan yashin da ke cinye cikin madatsar duk shekara, wanda hukumar kula da kogunan Sakkwato da Rima ke da buƙatar sani ko ba don tarihi ba. Bututu da jirage biyu da firji ba su fi ƙarfin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba, kuma ƙirgar bununi madubi take so da ɗalibi mai haƙuri wanda ya san sabara da kalgo da geza tun yana yaro. Awon kabon-14 ne kaɗai sai an aika waje an biya kuɗi a kan kowane guntu, shi ma guntu goma zuwa ashirin sun isa a ɗaure shekarun sanda guda.